Daminar da Muka Rasa Gonar Tsakiya

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Tun watan jiya hadari ke haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta watsar da shi, a bar mu da zufa da ƙaiƙayin ƙuraje. Shekaranjiya ina zaune gindin dogon yaro a gidan ɗana nan Talata Mafara, ina tsintar shinkafa, rediyo na gefena yana ta surutunsa, sai na ji ana zancen Amurka. Wai manyansu na cewa maƙwabciyarsu Kanada ta zo ta shige cikinsu a zama ƙasa guda. Wani malamin tarihi da suka gayyato ya ce ai ba yau aka fara ba. Shekara ɗari biyu da ’yan kai da suka wuce, lokacin Kanada na hannun Ingila, Amurka ta ɗaura yaƙi ta afka mata, tana ganin kafin a ce kwabo ta haɗiye ta. Aka ƙona gari nan, aka rama can, aka gaji, aka zauna aka yi sulhu, kowa ya koma iyakarsa ta da. Mai tambaya ya ce to ashe ba wanda ya yi hasara. Malamin ya ce akwai. Mutanen asali na ƙasar, waɗanda ke zaune tsakani, da yawansu sun bi Ingila don ta yi musu alkawarin tsare musu ƙasarsu. Ranar sulhu aka ture alkawarin gefe, ba a kuma kira ko mutum guda daga cikinsu ba.

Na kashe rediyon. Matar ɗana ta leƙo daga madafa tana tambaya ko lafiya, na ce mata batir nake tattali. Ba batir ba ne. Ni ban san inda Kanada take ba, ko gabas ko yamma, amma labarin nan na san shi sarai, don a gonarmu aka yi shi.

Lokacin ina da ’ya’ya biyu, ɗaya a baya ɗaya na tafiya, muna zaune wata ’yar tunga bayan Damri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutane na ce masa Na-Tunga, ni Malam nake ce masa. Uwarsa na tare da mu, Inna muke kiranta. Gona guda gare shi, wadda kakansa ya sare daga daji da gatarinsa. Ana ce mata Gonar Tsakiya saboda tana tsakanin gonakin manya biyu. Yamma da mu Alhaji Garba ne, dattijo ɗan tsohon gida, mai rumbuna da yawa a cikin gari. Gabas da mu Alhaji Mamman, ɗan ƙanensa. A gidan Alhaji Garba ya tashi, tuwonsa ya ci ya girma, da ya ji ƙarfi ya tayar da rigima aka raba gado ya ware. Ya shiga fataucin hatsi, ya yi arziki, ya sayo tarakta. Daga ranar nan babu maƙwabcinsa da ya sake samun kwanciyar hankali.

Mu da gamba muke iyaka. Layi ne kakanni suka dasa, duk shekara a yanke a saƙa zana, gindin na nan inda yake. Ba takarda, ba dutse. To tarakta ina ruwanta da gamba? Duk damina in direba ya zo juyawa a ƙarshen gona sai garma ta ɗan ciji layin, a ce kuskure ne. Baɗi a sake kuskure. Da haka Mamman ya gutsure gonakin waɗanda ke gabas da mu, har suka gaji suka sayar masa da guntun da ya rage, suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Kuma mutumin nan ba ya ɓoye nufinsa. A tsakiyar kasuwa yake faɗin cewa tun daga bakin hanya har babbar gonar baffansa duk rabon ubansa ne aka danne, kuma karɓarsa aikin yini guda ne. Mu da ke tsakani ko sunanmu ba ya kamawa, kamar ciyawa ce a wurin.

Shekarar da nake faɗa, kakar da ta gabace ta ba ta yi albarka ba. Tun tsakiyar bazara ludayi ya fara taɓa gindin rumbu. Rana kuwa, kai! Ƙasa ta yi zafin da ko jaki ba ya son takawa, rijiya ta ja baya har sai an ƙara igiya. Da asuba in tashi in share gida, in dama kunu tsararo wanda in ka leƙa za ka ga fuskarka, in ba yara da Inna. Malam ya sha ruwa ya fita. Da rana babu komai. Da marece in tuƙa ɗan abin da ya samu, rabi gari rabi dusa. An yi wani ɗan yayyafi da ya ruɗi mutane, waɗanda suka yi binne hatsinsu ya tsiro ya ƙone. Mu ma mun yi, mun rasa. Abin da ya rage mana na iri tukunya guda ce ta gero, na cuɗe shi da toka, na rufe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gado. Wallahi akwai ranar da ’yata ta yi ta kukan yunwa har muryarta ta dishe, ina zaune bisa gadon nan, geron na ƙarƙashina, ban fasa lakar ba.

Cikin wannan hali ne Alhaji Garba ya zo gidanmu. Shi da kansa, bayan babur, wani na tuƙa shi. Tun da nake a tungar ban taɓa ganin ya tsaya ba, ko gaisuwa daga nesa yake ɗaga hannu. Ran nan ya shiga zaurenmu ya zauna bisa tabarmarmu mai yage-yage. Aka yi ta gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina zafi, ina jiran ruwa, har na gaji da tsayuwa bayan zana. Sannan ya sauke murya.

“Na-Tunga, kai ɗana ne. Gonarka ita at katangata. In yaron ga yac ci ka, ni za ya ci. Ka tsaya mani, ni ko na yi maka alkawari, in dai ina numfashi ba mai taɓa maka ko taki guda.”

Ya bar mana ƙunshin dawa. Ba zan yi ƙarya ba, mun ci, kuma mun ji daɗinta. Malam kuwa ya yini bakinsa bai rufu ba. Shi ne ke kiran gayya a tungarmu, in ya yi magana maza na fitowa da kayan aiki, kuma ashe abin da Alhaji ya zo saye ke nan. Ni ban gane ba a lokacin, shi ma bai gane ba. Babban mutum ya zauna bisa tabarmarsa ya ce masa ɗana, shi ke nan.

Ruwan gaske ya sauka gab da asuba. Iska ta fara, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Jinka ta yi ta ɗiga a kanmu muna dariya. Inna ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu tana hamdala, zanenta ya jiƙe sharkaf. Gari na wayewa na jawo tukunyar, na fasa lakar, na sheƙe tokar. Geron na nan lafiya lau, ko ƙwaro guda bai shiga ba. Malam na ɗaure ƙotar sungumi, wannan doguwar fartanyar shuka, sai ga ɗan aiken Alhaji Garba, laka har gwiwa. Ya ce taraktar Mamman ta kama hanya, za ta zagaya ta shiga babbar gonar Alhaji ta nome a shuka. Alhaji ya ce a yi gayya yanzu-yanzu a riga ta. Kuma ƙoramar da ke tsakaninmu da gari ta kawo, ba a iya ƙetarowa da iri daga rumbunsa na gari, don haka kowa ya zo da irin da ke hannunsa, ruwa na janyewa za a mayar wa kowa nasa har da ƙari.

Na ga Malam ya kalli tukunyar. Na rungume ta.

“Malam, tamu fa?”

“Gobe. Laimar ƙasa na kai gobe. Mutum yaz zo har ɗakinmu, Ladi.”

Ya karɓe ta daga hannuna. Bai fizga ba, a hankali ya karɓa, ni kuma na saki. Ya fita yana kiran maza gida-gida, suka bi shi, sungumi a kafaɗa, har da yaran da suka isa riƙe ƙwarya.

An ce gayya ta yi kyau. Maza sun jeru suna sara, masu zuba iri na biye suna takewa da diddige, har da mai ganga. Da tarakta ta iso ta tarar da gona cike da mutane, rabi an riga an shuke. Direba ya tsaya, ya duba, ya juya. Aka yi ta ihu ana yi masa ature, ana cewa an kori Mamman.

An kore shi, ƙwarai. Sai direban ya dawo ta hanyar da ya bi, ya tarar da Gonar Tsakiya a jiƙe, fayau, babu kowa. Tungar duk mata ne da tsofaffi. Ina surfen dawar da za a kai wa ’yan gayya na ji rurin injin kusa-kusa, na leƙa ta kan zana. Da idona na ga garma ta shiga layin gamban da kakan Malam ya dasa, ta birkice shi, saiwa a sama. ’Yan ƙodagon Mamman na biye suna zuba iri. Na fita da goyo a baya, taɓarya a hannu, ko gyale babu. Na tsaya bakin gona ina zagi, na zagi direban, na zagi uban gidansa, na zagi wanda ya ƙera taraktar. Ƙarar injin ta cinye muryata, mutumin ko waiwaye bai yi ba. Kafin la’asar sun gama sun tafi.

Malam ya dawo da marece da tukunya wayam. Ya tsaya bakin gonar ya daɗe, sannan ya juya ya koma wurin Alhaji Garba, ko ruwa bai sha ba. Amsar da ya kawo ita ce a bar shi. Wai Alhaji ya ce Mamman ya yi mana aikin banza ne, ya nome mana, ya shuka mana, ranar da za a zauna gona za ta dawo da amfaninta a kai. Na ce to irinmu fa? Ya ce ƙorama ba ta janye ba tukuna. Ƙoramar nan har yau ba ta janye ba.

Bayan ’yan kwanaki shuka ta fito, kore shar, layi-layi. Na ce wa Malam mu je mu tuge ta tas, mu roƙi iri ko na dawa ne mu zuba namu, tun laima ba ta tafi ba. Inna ta ji. Tsohuwar nan da ko tsayuwa ba ta iya yi sosai ta miƙe, ta ce hatsin da ya riga ya fito ba a tuge shi, ko na maƙiyi ne, wanda duk ya yi haka zuriyarsa ba ta ƙara ƙoshi. Ta ce in dai ita ta haifi Malam, hannunsa ba zai taɓa shukar nan ba. Haka duk tungar ta yarda, ni ma da haka aka rene ni. Mamman ma ya san da haka, shi ya sa ya yi sauri ya zuba iri. Ya san mu, ya san abin da ba za mu iya yi ba. Muka zauna muna kallon shukarsa na girma bisa ƙasarmu.

Daga nan damina ta zama ta faɗa. Yaran Mamman suka cinna wa bukkokin gonar Alhaji Garba wuta, har da rumbun da ake ajiye kayan aiki. Mutanen Alhaji Garba suka je suka ƙone rumfar da ake ajiye tarakta, da buhunan taki a ciki. Yau a kori shanun wannan cikin shukar wancan, gobe a tare hanya. Su manyan suna cikin gari bisa shimfiɗar kilisai, ko tartsatsi bai taɓa rigarsu ba. Mazan tungarmu ne ke gadi, su ne ke noman fari da maimai a gonar Alhaji, a sallame su da abin da ba ya kai kwana biyu. Malam ya dawo wata rana da kafaɗa a kumbure, an sauke masa gora. Na gasa masa da ruwan zafi ina yi ina masifa, shi ko yana ce mini in yi haƙuri, ranar zama na zuwa.

Sai malka ta kama. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo ya ƙi ɗaukewa, yini da kwana, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, katangar bayan gida ta zube. Yunwar malka ta fi ta bazara mugunta, don ko’ina ka duba kore ne, cikinka kuma wayam. Da safe in fita in yago tafasa da rama da yaɗiya, in dafa, in matse, in barbaɗa gishiri, ƙuli ma sai an dace. Muka ci ganye har bakinmu ya yi tsami. Nonona ya ja baya, yaron da ke bayana ya koma tsotso yana saki yana kuka. Ɗankunnena na aure ya tafi kasuwa, tabarmar da Alhaji ya zauna a kai ma da akwai mai saye da ta tafi. Geron Gonar Tsakiya kuwa bai taɓa yin kyau irin na shekarar ba. Daga ƙofar ɗakina nake hango shi, ya fi mutum tsawo, zangarniya kamar damtse. Da aka fara gasa tumu a tunga, ’yata ta ja zanena ta ce in je in karyo mata a gonarmu. Na ɗaga hannu zan mare ta, na fasa, na shiga ɗaki.

Gab da girbi aka yi rasuwa a danginsu, zaman makoki ya haɗa baffa da ɗa. Dattawa suka sa baki, aka sa ranar sulhu a gidan Alhaji Garba. Malam ya sa rigarsa ta Sallah, wadda ta yi masa yawa saboda rama, ya kama hanya tun da hantsi. Abin da ya faru shi ya ba ni labari, kuma sai da na yi ta tonon bakinsa. Ya isa ya yi sallama, aka ce ya jira. Ya zauna gindin katanga, wurin da aka tuɓe takalma. Aka shiga da kwanonin abinci ta gabansa, aka yi azahar, aka koma. Ba wanda ya kira shi. Can la’asar ya ji an shafa fatiha ana dariya. Wani bara da ya fito da kwanoni ne ya gaya masa yadda aka yanke. Tsakanin Alhaji Garba da Mamman, kowa ya koma iyakarsa ta da, an yafe wuta, an yafe duka. Abin da ke tsakani kuma, don kada a tuge hatsi ko a ɓata gumin wani, kowa ya riƙe inda shukarsa take tsaye bana.

Ka ji fa. Inda shukarsa take tsaye. Tamu shukar tana tsaye cikin gonar Alhaji Garba, an ce wannan gayya ce, taimako ne, Allah ya ba da lada. Ta Mamman tana tsaye cikin tamu, an ce wannan shaida ce.

Malam ya jira har baƙi suka watse, ya durƙusa gaban Alhaji ya tuna masa maganar zaure. Alhaji ya dafa masa kafaɗa, wadda aka dokan.

“Na-Tunga, sai haƙuri. Ɗan ƙanena ne. Yanzu da munka shirya, ba ni iya sake tada husuma da jinina kan gonar wani.”

Gonar wani. Shekara nawa ke nan, har yau kalmar nan ba ta bar kunnena ba. Mamman ɓarawo ne da rana tsaka, bai taɓa cewa yana ƙaunarmu ba, na san inda zan ajiye shi. Amma wanda ya zauna bisa tabarmarka ya ce maka ɗana, ya ci irinka, ya ci ƙarfinka, ya sayi zaman lafiyarsa da gonarka, shi wane suna za a ba shi? ’Ya’yan yanzu in na ba su labari sai su ce don me ba mu kai ƙara ba, ina takardar gona. Takardarmu gamba ce, kuma garma ta bi ta kanta. Yanzu an ce ko jikokin Mamman ba sa iya zuwa noma wajen sai da fargabar ’yan bindiga. Ban yi murna ba, ban kuma yi kuka ba.

Da gero ya isa yanka, wakilin Mamman ya shigo tunga yana neman ’yan ƙodago. Na ce wa Malam in ya taka gonar nan da sunan ɗan ƙodago, gidan ubana zan tafi. Ya dubi Inna da ke kwance, ya dubi yaran, ya ɗauki wuƙarsa ya fita. Yini ya yi yana yankan gero a gonar kakansa, wani yaro sa’an ƙanensa na tsaye kansa yana ce masa ya yi sauri. Da marece ya shigo da dami guda a ka, ladan aikinsa, ya sauke tsakar gida.

Na rantse ba zan taɓa shi ba. Damin ya kwana nan, ya yini, kaji na zagaya shi. Yara na kallonsa suna kallona. Da na ga ’yata ta zari zangarniya tana gurgurar ta ɗanya, na tashi na kwance igiyar. Na sussuke, na sheƙe, na surfa, na daka, ina dakan kamar turmin ne ya yi mini laifi. Na tuƙa tuwo na gaske, ba dusa ba ganye, irin wanda muka manta kamanninsa, na kaɗa miyar kuka. Na kai wa Malam nasa.

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya daɗe yana taunawa. Ina tsaye kansa, so nake ya yi zagi, ko ya ture kwanon, ko ya yi kuka in taya shi. Sai ya ɗago kai, wallahi har da ɗan murmushi.

“Ladi, kin ji? Geron wurin ga, ko wa ya shuka shi, ɗanɗanonai ba ya sakewa.”

Na ɗauki kwanona na zagaya bayan ɗaki inda ba mai ganina. Gaskiya ya faɗa, gardin na nan yadda na san shi. Na cinye tas har na suɗe kwanon, ina ci ina Allah ya isa.